Na'ura da Ɗan Koyo: Ƙirƙirarriyar Basira da Makomar Horon Ma'aikata, da Misalai daga Lajawa da Kewayenta

Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci kalmomin da Hausa ta aro a cikin shekaru ɗari da suka shige zai tarar da yawa daga cikinsu sunayen ayyuka ne. Akwai direba da makanike da kafinta da birkila da tela da lebura da masinja da tafinta, waɗanda suka shigo daga Ingilishi, akwai kuma akawu, wanda aka karɓo daga bakin Yarabawa. Kowace ɗaya daga cikin kalmomin nan shaida ce ta wani lokaci da sabon aiki ya sauka a ƙasar Hausa, mutane suka koye shi, suka ci abinci da shi, har suka raɗa masa suna. Wasu daga cikin ayyukan kuwa sun mutu tun masu yin su suna da rai. Yaron da aka haifa bayan shekarar 2000 da wuya a ce ya taɓa jin ƙarar tafireta, balle ya san a da akwai ɗaki guda a kowace ma'aikata inda mutane suke zama tun safe har a tashi, ba su da wani aiki sai buga takardun da wasu suka rubuta da hannu.

Yanzu kuma ga wata baƙuwa ta iso, wadda gidajen rediyo suka raɗa wa suna ƙirƙirarriyar basira, watau dabarar da ke sa kwamfuta ta yi ayyukan da a da sai mai hankali ke yin su, kamar rubuta wasiƙa da fassara da amsa tambaya da gane fuska ko murya. Tambayar da aka fi yi game da ita ita ce ko za ta raba mutane da ayyukansu. Wannan takarda ba ta raina tambayar ba, sai dai tana ganin akwai wadda ta fi ta gaggawa. Abin da na'ura takan fara cinyewa a kowace sana'a shi ne ƙananan ayyukan da ake ba ɗan koyo, kuma ta waɗannan ƙananan ayyuka ne ake zama gwani. In haka ne, to, daga ina za a samo gwanayen gobe?

Abin da injuna suka riga suka yi

Lajawa gari ne na manoma da 'yan kasuwa a Ƙaramar Hukumar Wudil, kudu maso gabas da birnin Kano, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar, tare da irin su Darki da Utai da Indabo da Achika. Ba gari ne na manyan masana'antu ba, saboda haka wani zai ɗauka zancen injuna masu sarrafa kansu bai shafe shi ba. Gaskiyar magana ita ce garuruwa irin wannan sun daɗe suna ganin inji yana karɓe aiki daga hannun mutum, sai dai ba a kira abin da wani babban suna ba.

A ɗauki injin niƙa. Kafin zuwansa, hanyar da hatsi ke bi daga rumbu zuwa tukunya doguwa ce: sussuka da sheƙa da surfe da bakace da wanki, sa'an nan niƙa a kan dutse ko daka a turmi, sa'an nan tankaɗe. Akwai mata da yawa, musamman tsofaffi da waɗanda mazansu suka rasu, da suke rufa wa kansu asiri da dakau, watau daka don a biya su. Da inji ya zo, wahala ta ragu ƙwarai, kuma babu mai hankalin da zai so a koma dutsen niƙa. Amma a lura da inda kuɗin ya koma. Ya bar hannun mata masu yawa, ya taru a hannun namiji guda mai jarin sayen inji, da yaronsa, da mai sayar masa da man gas. Wani abin kuma da ya bi turmi ya tafi shi ne lugude da waƙoƙin daka da na niƙa, waɗanda a yau ɗaliban adabi suke yawon nema a bakin 'yan tsofaffin da suka rage.

Misalin da ya fi kusa da batun wannan takarda shi ne na ɗinkin hannu na manyan riguna da huluna, sana'ar da ƙasar Kano ta yi suna a kanta tun da daɗewa. Yaro ba ya fara wannan sana'a da aska takwas. Yakan fara da sa zare a allura da warware shi in ya harɗe, sa'an nan a ba shi wurin da ba ya jawo ido ya cike, inda ko ya ɓata ba a yi babbar hasara ba. In hannunsa ya faɗa, sai a matsa da shi gaba. Yakan yi shekaru yana cike zanen da wani ya yi kafin a yarda ya zana nasa. A tsawon wannan lokaci maigidan yana amfana da shi, domin aikin cikewa yana da yawa, yana kuma cin rai, shi kuwa yaron yana samun abinci da ɗan abin kashewa da ilmi. Ba wanda ya rubuta wannan yarjejeniya, amma kowa ya san da ita: ƙaramin aiki shi ne kuɗin makaranta. To, da injin surfani ya zo, daga baya kuma wanda kwamfuta ke tuƙawa, wanda ake ɗora masa zane ya fitar da shi a cikin sa'o'i kaɗan, gwanin da ya riga ya gwanance bai faɗi nan take ba, don har yanzu akwai masu hali da sarakuna da ba sa sa komai sai aikin hannu, suna kuma biya da tsada. Wanda ya rasa wurin zama shi ne yaron, domin aikin da ake riƙe shi saboda shi ya tafi. Irin wannan hasara ba ta bayyana a shekarar da ta auku. Sai ran da gwanin ya tsufa, idonsa ya raunana, a waiwaya a ga ba kowa a bayansa.

Ba a ƙasar Hausa aka fara ganin haka ba. Masu saƙar safa na Nottingham a Ingila, waɗanda suka tashi a 1811 suna farfasa injuna har Majalisar ƙasar ta yi doka a 1812 ta yanke hukuncin kisa a kan mai fasa inji, akan ba da labarinsu kamar jahilai ne masu gaba da ci gaba. Alhali ɗaya daga cikin manyan koke-kokensu shi ne masu jari suna ɗauko waɗanda ba su yi zaman koyo ba suna ɗora su a kan injuna, suna fitar da kaya marasa aminci da araha.

Adalci ne kuma a faɗi ɗaya ɓangaren. Wayar hannu, wadda ta fara aiki a Nijeriya a 2001, ta kashe kasuwar masu rubuta wa jama'a wasiƙa, ta kuma rage 'yan aike, amma ta haifi masu gyaran waya da masu caji da masu sayar da kati. Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023 ya tilasta wa mutanen da ba su taɓa shiga banki ba, har da masu cinikin shanu a kasuwar Wudil ta ranar Juma'a, su saba da tura kuɗi ta waya, masu na'urar POS kuma suka yawaita a kasuwannin ƙauye. Abin lura a nan shi ne yadda aka koyi waɗannan sababbin sana'o'i. Mafi yawan masu gyaran waya ba a aji suka koya ba. Sun zauna ne a rumfar wani a kasuwa irin ta Farm Centre a Kano, suna miƙo masa sukundireba, suna share kwano, suna kallon hannunsa, daidai yadda kakanninsu suka zauna a maƙera suna busa zuga-zugi. Tsohon tsarin koyo ya haɗiye sabuwar sana'a, domin har yanzu tana da ƙananan ayyukan da za a ba yaro.

Yadda sabuwar na'urar take aiki

Bambancin ƙirƙirarriyar basira da injin niƙa shi ne ita aikin alƙalami take nema. Irin wadda ta game duniya tun da kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT a ƙarshen Nuwamba 2022, an gina ta ne ta hanyar ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, har ta gane wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wace. In aka yi mata tambaya, sai ta riƙa jero kalmomi ɗaya bayan ɗaya bisa ga abin da ta saba gani. Wannan ne ya sa maganarta take fita sumul, shi ne kuma ya sa takan yi ƙarya ba tare da ta san ta yi ba, ta kawo sashen dokar da babu shi, ko sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba, a cikin lafazi mai gamsarwa. Kamanninta da mutumin da ya daɗe yana zama a bakin kotu ne, ya haddace yadda alƙalai suke magana, amma ba a taɓa ɗora masa nauyin hukunci ba.

A Hausa rauninta ya fi fitowa, saboda abin da aka rubuta da Hausa a intanet kaɗan ne in aka gwada da Ingilishi, kuma da yawansa an rubuta shi ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba. Ga shi kuma ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali. Gadon kwanciya da gadon da ake rabawa rubutunsu ɗaya ne, haka garin da ake tuƙa tuwo da shi da garin da ake zama a cikinsa. Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa tun 2013, kuma babu shakka fassarar ta inganta ƙwarai daga lokacin zuwa yau, amma har yanzu ba abin da za a miƙa wa takardar rabon gado ba ne a juya baya. Dole a sami mai dubawa, mai dubawa kuwa dole ya fi na'urar sani.

Abin da alƙaluma suka nuna

An sha yin hasashe mai ban tsoro. A 2013 wasu masana biyu na Jami'ar Oxford, Frey da Osborne, sun ƙiyasta kashi 47 cikin 100 na ayyukan Amurka suna cikin babban haɗarin komawa hannun na'ura. Nazarce-nazarcen baya sun fi taka-tsantsan, don sun gane abin da ake kira aiki guda tarin ƙananan ayyuka ne, na'ura takan ɗauki wasu ta bar wasu. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na Agusta 2023 ya nuna aikin akawu ne ya fi kowane shiga haɗari, inda kashi 24 cikin 100 na abubuwan da akawu ke yi na'ura za ta iya ɗauke su sosai, kashi 58 kuma za ta taɓa su gwargwado. Rahoton ya ce ayyukan da za su iya komawa hannun na'ura sun kai kashi 5.5 cikin 100 a ƙasashe masu arziki, a matalautan ƙasashe kuwa kashi 0.4 ne kacal. Asusun Ba da Lamuni na Duniya, a Janairu 2024, ya ce abin zai shafi kimanin kashi 60 cikin 100 na ayyuka a ƙasashen da suka ci gaba, da kashi 26 a matalauta.

Kada ƙanƙantar rabon ƙasashe matalauta ta sa ɗalibi ya saki jiki. Adadin ya yi kaɗan ne domin akasarin jama'a noma da kiwo da ƙaramin ciniki suke yi, waɗanda kwamfuta ba ta kai gare su ba tukuna. Amma manomin Lajawa da ya sayar da hatsi da awaki ya biya wa ɗansa kuɗin makaranta, ba don ɗan ya dawo ya riƙe fartanya ya yi haka ba. 'Yan kujerun ofis ɗin nan da alƙaluma suka nuna suna girgiza, su ne ainihin abin da ake wa karatun.

Akwai nazari biyu da ya kamata a ajiye su kusa da juna, domin a ido kamar suna karo. Na farko, wanda Erik Brynjolfsson da abokan aikinsa suka fitar a 2023, ya bi ma'aikata fiye da 5,000 masu amsa koke-koken abokan ciniki a wani kamfani, ya tarar na'urar ta ƙara yawan aikinsu da kashi 14 cikin 100 a jimlace, amma ga sababbin shiga ƙarin ya kai kashi 34, gwanaye kuwa kusan ba ta ƙara musu komai ba. Na biyu, wanda shi Brynjolfsson ɗin da wasu suka fitar daga Jami'ar Stanford a 2025, ya nuna a Amurka ɗaukar matasa 'yan shekara 22 zuwa 25 ya ja baya da kimanin kashi 13 cikin 100 a ayyukan da na'urar ta fi shafa, in aka gwada da sauran, alhali manyan ma'aikata ba su girgiza ba. Ma'anar biyun in an haɗa ita ce na'urar tana taimakon sabon ma'aikacin da ya riga ya sami shiga, tana kuma ƙuntata ƙofar ga wanda yake waje. Labarin yaron mai ɗinki ne ya sake dawowa, sanye da kwat.

Akawu da jan biro

Ma'aikatan gwamnati da suka manyanta sun san yadda aka horar da su, ko da yake ba a kira shi horo ba. Sabon ma'aikaci yakan fara a ɗakin ajiye fayil, yana buɗe sabo, yana sa wa shafuka lamba, yana kai wannan tebur yana ɗauko wancan. A cikin haka yake karanta abin da manya suka rubuta wa juna, ya ga yadda ake ƙin abu ba tare da an ci mutunci ba, da yadda ake tunatar da na sama kuskurensa cikin ladabi. Daga nan a ce ya tsara amsar wata wasiƙa. Ya kai, a dawo masa da ita jawur da gyara, ya sake, a sake dawo da ita. Bayan shekara biyar ko shida sai a ga ya san dokokin aiki da na kuɗi, ba don ya zauna ya haddace su ba. Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo a Zariya, wadda ta faro a 1947 a matsayin makarantar horar da akawuna, da Kwalejin Horar da Manyan Ma'aikata ta Badagry da aka kafa a 1973, sun yi aiki babba, amma gogewa suke yi wa abin da jan biro ya riga ya sassaƙa.

Tun kafin ƙirƙirarriyar basira, kwamfuta ta fara rage waɗannan matakai. Tsarin biyan albashi na bai-ɗaya da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2007 ya ɗauke lissafin da akawuna da yawa suke yi da hannu, ya kuma tona asirin ma'aikatan bogi, wanda alheri ne. Yanzu kuwa ana iya ce wa na'ura ta tsara wasiƙa ko ta taƙaita rahoton taro, ta gama kafin a sha ruwa. Babban jami'in da ke da wannan a wayarsa ba shi da dalilin jiran ƙaramin ma'aikaci ya yi kwana biyu yana fama. Ƙaramin kuma, in aka ba shi aikin, zai miƙa wa na'ura ya kawo abin da ta ba shi, babu kuskuren nahawu ko ɗaya, saboda haka ba abin da za a ja wa layi, ba kuma abin da ya shiga kansa. Shekara goma sha biyar nan gaba shi ne darakta, shi ne zai sa hannu a kan takardar da na'ura ta tsara, shi ne kuma ake sa ran zai gane inda ta ƙirƙiro sashen doka.

Batun horo

Ba a rasa hukumomi ba. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, mai hedikwata a Jos, an kafa shi tun 1971, kamfanoni suna zuba masa kashi ɗaya cikin 100 na albashin da suke biya, shi ne kuma ya ƙirƙiro shirin tura ɗalibai masana'antu don sanin makamar aiki a 1973. A Wudil akwai jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda aka mayar wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. Gwamnatin Tarayya ta buɗe cibiyar nazarin ƙirƙirarriyar basira a Abuja a 2020, a 2023 kuma ta ƙaddamar da shirin horar da matasa miliyan uku a fannin fasahar zamani. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, ta yadda ɗan Lajawa ba shi da hanyar shiga jami'ar da ke ƙaramar hukumarsa sai ya iya latsa madannai, ko makarantarsu tana da wutar lantarki ko ba ta da ita.

Inda gizo ke saƙa shi ne galibin horon da ake bayarwa na koyon amfani da na'ura ne, wannan kuwa shi ne sashe mafi sauƙi. Matashin da ya iya WhatsApp zai iya yi wa ChatGPT tambaya a yini guda. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin aikin kansa, har mutum ya kai ga duban amsa mai kyan gani ya ce wannan ba daidai ba ne. Taron bita na kwana uku a otal, da jaka da takardar shaida da kuɗin zama, ba ya ba da wannan. Shirin tura ɗalibai wuraren aiki shi ne ya fi kusa da tsohon zaman koyo, amma ɗaliban da suka yi shi sun san sau da yawa wata shida ake yi ana zaune a kan benci, a ƙarshe a sa hannu a littafi.

Maganin da ke hannun shugaban kowane ofis ba ya bukatar sabuwar doka. A bar wasu ƙananan ayyuka a hannun sabon ma'aikaci da gangan, ko da na'ura ta fi shi sauri. A sa shi ya fara tsara wasiƙar da kansa, sa'an nan ya nemi ta na'ura, ya kawo biyun gaban na sama da shi, ya bayyana inda suka saɓa da wadda ya zaɓa da dalilinsa. A wannan hali na'urar ta zama abokiyar muhawara, jan biro kuma ya sami abin yi. Haka malamin jami'a zai iya ba ɗalibansa fassarar da na'ura ta yi ta wata takardar kotu ko ta asibiti, ya ce su fito da kurakuranta, ya ba da maki a kan abin da suka gano. Ga ɗaliban Hausa musamman akwai aiki a nan, domin ƙungiyoyi irin su Masakhane da HausaNLP suna tattara rubutu da gyara shi don na'urori su iya harsunan Afirka, kuma wannan aiki sai wanda ya san harshen ciki da bai. Sai dai a shiga da ido buɗe: a Janairu 2023 mujallar Time ta ba da labarin ma'aikata a Kenya da aka ɗauka suna tace wa OpenAI rubutu a kan ƙasa da dala biyu a sa'a.

Wannan hanya tana da tsada, kuma ba a ɓoye take ba. Wasiƙar da za ta fita da safe za ta kai la'asar, babban jami'i kuma zai ba da sa'a guda daga lokacinsa ga yaron da wataƙila a sauya masa wurin aiki baɗi. Maigidan ɗinki na da yana ɗaukar wannan nauyi ne domin aikin yaron yana biyan ɗawainiyarsa. Yanzu da aikin ya daina biya, sai an sami wanda zai biya da sani, ko Asusun Horarwa daga kashi ɗayan da yake karɓa, ko ma'aikatu daga kasafinsu, ko ƙungiyoyin ƙwadago su sa shi cikin abin da suke ciniki a kai tare da albashi.